Kwamfutata tana ɗaukar zafi in ina wasa tun da bazara ta kama, me zan fara yi?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu sani ku taimaka mini da shawara don Allah. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu na saya, furosesa i5-9300H, katin hoto GTX 1650. Duk lokacin ɗari lafiya lau take, ina buga GTA V da FC 24 ba wata damuwa. Amma tun da Afrilu ya kama, ina shiga wasa kaɗan sai fanka ta ɗau kuka, saman kilabiye ya yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai, wasan ya riƙa cijewa yana saki. HWMonitor, manhajar da ke auna zafin inji, yana nuna mini digiri 97 zuwa 100 a furosesa, 86 a katin hoto. Jiya da rana ma mutuwa ta yi da kanta. Wani ya ce in sayi faranti mai fanka da ake ɗora ta a kai, wani ya ce a canza mata man furosesa, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe zafinsa. Kuɗina ba za su kai duka biyun ba. Wanne zan fara?

Sarkin Fada:
Wa alaikumus salam. Ƙane, ka bar wahalar da kanka. Ƙanƙarar dala ashirin, ka naɗe a tawul, ka ɗora kwamfutar a kai. Mu a fadarmu haka muke yi.

Mai Turnabis:
Sarkin Fada, ka ji tsoron Allah. Yaron nan shawara ya nema, ba hanyar zuwa shagona da gawar inji ba. Ƙanƙara tana sa raɓa ta taru a ƙarƙashin kwamfuta, fanka kuma daga ƙasan take jan iska. Ruwan nan yana shiga ya kwanta a kan kat ɗin ciki, wato babban allon da kayan inji ke liƙe a kai, yau ba ka ga komai ba, bayan ƴan makonni tsatsa ta ci ƙafafun wani ɗan ƙaramin abu, inji ya ƙi tashi. Tawul ɗin ma shi kansa toshe ƙofar iska yake yi. Haka masu sa ta cikin firiji "ta huce": da ka fito da ita cikin zafin nan sai ta yi gumi ciki da waje.

Sarkin Fada:
To Malam, na janye ƙanƙarata, zan sa ta a lemu.

Alhaji Mai Shago:
Ɗana, faranti mai fanka shi ne maganin abin nan. Akwai mai fanka biyu, akwai mai biyar, har da mai fitilu. Ka zo ka gani da idonka, in ka ce daga wannan zaure kake zan rage maka.

Ƴar Harobanda:
Kafin a sayi komai ina da tambaya uku. Ɗan Bukoki, ɗakin da kake wasa rufin kwano ne ko kankare? A kan me kake ɗora kwamfutar? Kuma da wane lokaci ta fi yi maka haka?

Ɗan Bukoki:
Kwano ne Yaya, babu silin. A kan katifa nake ɗora ta, wani lokaci a cinya. Daga azahar zuwa la'asar ta fi yi, in na dawo daga makaranta.

Ƴar Harobanda:
To ka ba da amsar da kanka. Bari in yi bayanin da nake gani mutane da yawa suna tsallakewa.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja, ta hura ta a kan ƙarfe mai zafi, iskar ta kwashi zafin ta fita da shi. Saboda haka abin da na'urar sanyaya kwamfutarka take iya yi shi ne ta riƙe furosesa a wata tazara sama da zafin ɗaki, kuma muddin aikin da kake ba ta bai canza ba, tazarar nan kusan ɗaya ce. Mu ɗauka a Janairu ɗakinka yana digiri 25, furosesa yana kai 82. Tazara 57 ke nan. Ɗauko wannan 57 ɗin ka kawo ta Afrilu. A Yamai zafin rana a wannan wata yakan kai 41 ko ya wuce a inuwa, ɗakin kwano mara silin kuma ya fi waje zafi. A ce ɗakin 42 ne: 42 da 57, 99. Ga lambar da HWMonitor yake nuna maka, ba tare da komai ya lalace ba.

Ku duba takardar da ke zuwa da kwamfutocin nan. HP da Lenovo suna rubuta a yi aiki da su tsakanin digiri 5 da 35, Dell 0 zuwa 35, Apple 10 zuwa 35. Wato daga Maris zuwa Mayu, duk wanda ke wasa da rana a ɗakin da ba kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ya riga ya fita daga iyakar da aka ƙera injin a kanta.

Cijewar da kake ji kuma kariya ce. Iyakar wannan furosesa digiri 100 ce, yana kusantarta sai ya rage gudunsa da kansa. Katin NVIDIA na kwamfutar tafi-da-gidanka shi ma wajen 87 yake fara ja da baya. In ragewar ba ta isa ba sai inji ya kashe kansa, abin da ka gani jiya.

Farantin Alhaji iskar 42 ɗin nan dai zai hura maka.

Alhaji Mai Shago:
Ƴata, karatu daban, kasuwa daban. Mutane suna saya suna dawowa su yi godiya. Da ba ya aiki ai da ba a ƙera shi ba.

Ƴar Harobanda:
Baba Alhaji, ban ce ba ya komai ba. Wanda ya ɗauke kwamfuta daga katifa ya ɗora a faranti dole ya ga sauƙi, amma rabin sauƙin daga ɗagawar ne, ba daga fankokin ba. Marfin kwalba biyu a ƙarƙashin ƙafafun baya a kan tebur za su ba shi mafi yawan wannan ribar kyauta. Ƙananan fankokin da ke shan wuta daga USB ba su da ƙarfin tura iska ta cikin ƴan ramukan ƙasan inji, digiri kaɗan suke ragewa. Wanda na yarda da shi shi ne mai babbar fanka guda da soso kewaye, wanda ke manne da ƙasan kwamfuta har iska ba ta da wajen gudu sai ciki, irin na IETS da Llano. Shi yana da tasiri, yana ma da matatar ƙura. Sai dai yana da tsada, yana da ƙara, kuma wutarsa daban yake sha.

Alhaji Mai Shago:
Wannan sai an yi oda.

Mai Turnabis:
Malama ta yi lissafi mai kyau, amma ni ina da ja a wuri ɗaya. Ta ce "ba tare da komai ya lalace ba". Ni da nake buɗe injinan nan kullum a nan gefen Katako, da wuya in buɗe wadda ta ci hunturu guda a garin nan in tarar da hanyar iskarta a buɗe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi tana shiga, ta haɗu da zaren bargo da gashi, ta yi dunƙule tsakanin fanka da haƙoran radiyeta, wato ƙarfen da fanka ke hurawa don fitar da zafi. Daga waje ba ka ganinta. Lokacin sanyi ba ka ji a jikinka ba saboda iska mai sanyi tana rufa asiri, bazara na zuwa asiri ya tonu. Wato tazarar da kika ce 57 ce, wata ƙila da injin yana da tsabta 45 ce.

Ga yadda za ka gane da kanka, Ɗan Bukoki. Ka kunna wasa, ka bari fanka ta kai ƙarshen kukanta, ka sa bayan hannunka a inda iska ke fita. In ƙara ta yi yawa amma iskar ba ƙarfi, radiyeta ya toshe. In iska tana fita da ƙarfi amma ba ta da zafi sosai alhali furosesa yana 98, to zafin ne ba ya isowa radiyeta: ko man ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba, ko bututun ya mutu. Sannan ka duba zafin kowace ƙwaya ta furosesa, naka huɗu gare shi. In ɗaya tana 99 wata tana 82, wannan ma alamar man ne.

Ɗan Bukoki:
Na gwada yanzu Malam. Ƙara kamar me, amma iskar da kyar nake jin ta a hannu. Ƙwayoyin kuma kusan daidai suke, bambancin 4 ko 5 ne.

Mai Turnabis:
Ƙura ce. Ka ajiye kuɗin man tukuna.

Ɗan Diffa:
Malam wane bututu ne kake cewa yana mutuwa? Ni na ɗauka ƙarfe ne kawai.

Mai Turnabis:
Wannan jan ƙarfen da ya taso daga kan furosesa ya nufi fanka, cikinsa rami ne. Akwai ɗan ruwa kaɗan a ciki, an zuƙe iskar an liƙe bakin. Da yake babu iska a ciki, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba, tururin ya ruga can ƙarshen da fanka ke hurawa, ya koma ruwa, bangon bututun ya tsotso shi ya dawo da shi. Haka yake ta zagayawa. Shi ya sa in wani ya lanƙwasa shi da ƙarfi ko ya huda shi wajen gyara, shi ke nan, sai dai a sake wani. Ba ya cika mutuwa da kansa.

Ba'adare:
Salamu alaikum mutanen Yamai. Ku kuna kukan zahi, ku zo Tawa ku gani. Ni ina da ɗakin wasa nan Sabon Gari, yara na zuwa buga ƙwallo. Abin da munka gani shina aiki shi ne imidifikater, injin nan da shika sanyaya iska da ruwa. Tun da munka sa shi, ɗakin ya yi dama, injina sunka bar kashe kansu. Kuma wutar da shika ci ba ta kai ta kilim ba, hwanon hasken rana da batir na ɗaukar shi in anka ɗauke wuta. Amma wani ya ce mini ruwan shina ɓata inji. Mi kuka gani?

Ƴar Harobanda:
Yaya Ba'adare, wannan ita ce dabarar da ta dace da ƙasarmu, don ita kaɗai ce mai araha da ke taɓa lambar farko a lissafina, wato zafin ɗakin kansa. Aikin randa yake yi: ruwa yana bin iska ya tafi da zafi. A Maris da Afrilu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, don haka yana sauke zafi sosai. In damina ta sauka iska ta jiƙe, ƙarfinsa yana raguwa, amma a lokacin garin ma ya yi sauƙi. Sharaɗi biyu ne. Kada a rufe ɗaki ruf, a bar taga a buɗe iska mai laima ta samu wajen fita, in ba haka ba ɗakin zai cika da danshi ya daina sanyaya. Kuma kada a kafa kwamfuta a bakinsa daidai inda yake feso ɗigon ruwa, a ja ta gefe.

Mai Turnabis:
A ƙara da na uku: ƙura in ta sha laima tana kamewa a radiyeta, ba ta fita da hurawa sai an sa buroshi. Mai imidifikater ya riƙa sharewa akai-akai fiye da kowa.

Ba'adare:
Madalla. Ana yi in sha Allahu.

Jallo 227:
Ni duk wannan tsoron ban gane shi ba. Kwamfutocin wasa ai haka suke, 95 ba komai ba ne, an gina su don haka. Tawa kullum a 95 take kuma ba abin da ya same ta.

Ɗan Diffa:
Bafillace da kwamfutar wasa! Ka tabbata ba zafin nonon da ka zuba mata ba ne?

Jallo 227:
Bawana, in iyayen gidanka suna magana ka riƙa yin shiru.

Ƴar Harobanda:
Jallo yana da gaskiya rabi. Furosesa kansa yana jure 95, ba zai ƙone ba, yana da mai tsaronsa a ciki. Amma ba shi kaɗai ke cikin akwatin ba. Ma'ajiyar bayanai, wato SSD irin NVMe, yawancinsu iyakar aikinsu 70 ce, suna wucewa su ma su rage gudu. Fanka da ke juyawa a ƙarshen ƙarfinta kullum cikin ƙura tana saurin cin kanta. Uwa uba batir. Zan dawo kansa.

Yanzu ga abin da nake so Ɗan Bukoki ya yi yau, ba ko dala. Furosesanka an ƙera shi a kan wat 45, kuma yana haura haka na ɗan lokaci in ya shiga turbo, wato ƙarin gudun da yake yi da kansa in aiki ya yi nauyi. Katin hotonka wajen wat 50 yake ci. Duk wutar nan zafi take komawa, kusan wat 100 cikin akwati mai kaurin yatsa biyu. Tunda ba ka da ikon sanyaya garin, ka rage wutar.

Na farko, ka kashe turbo. Asalin gudun i5-9300H 2.4 GHz ne, turbo yana kai shi har 4.1. Don ya kai can sai an ƙara masa bolt, wato ƙarfin wutar da ke shigarsa, zafi kuma lissafinsa bolt sau bolt ne sau gudu, shi ya sa ɗan ƙarin gudun ƙarshen nan ya fi komai tsada. A Windows ka shiga Options d'alimentation, ka buɗe saitunan ci-gaba na tsarin da kake kai, ka nemi Gestion de l'alimentation du processeur, a État maximal du processeur ka mayar da 100 zuwa 99. Wannan ɗaya ɗin da ka cire shi ke hana turbo tashi. In a injinka bai yi ba, manhajar ThrottleStop tana da akwatin kashe turbo, ka danna shi kawai.

Na biyu, ka ɗaure yawan hotuna. In allonka 60 Hz ne, hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa. Katin da ke zana 100 yana ƙona wuta a kan 40 da ba za ka gani cikakku ba. A cikin Panneau de configuration NVIDIA akwai wajen ƙayyade iyakar FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, tun farkon 2020 suka sa shi. Ko ka yi da RivaTuner da ke zuwa tare da MSI Afterburner. Ka sa 60.

Na uku, a cikin wasan ka sauke inuwa da MSAA, saitin da ke santsa gefen hotuna. Su ne masu cin kati, kuma a allo mai inci 15 ba za ka ga bambancin kirki ba.

Jallo 227:
A nan ne ba mu tare Malama. Ki kashe turbo ki shiga Warzone ki gani. Wasannin da ke da mutane da yawa a fili ɗaya furosesa suke ci, 2.4 ba zai ɗauka ba. Kuma maganar 60 ɗin nan, ko allo 60 ne, in kati yana fitar da 100 hannu ya fi jin sauƙi, harbi ya fi saurin fita. Duk mai buga gasa ya san haka.

Ƴar Harobanda:
Haka ne, jinkirin da ke tsakanin hannu da allo yana raguwa in FPS ya yi yawa, ban musa ba. Amma ka dubi halin da yake ciki. Shi ba 100 tsayayye yake samu ba. Yana samun 100 na minti biyar, inji ya kai iyaka, gudu ya faɗo ƙasa da 2.4 ɗin da kake rainawa, FPS ya sauko 25, ya huce kaɗan, ya sake hawa. Wannan hawa da saukar ita ce cijewar. 60 da ba ya motsi ya fi 100 mai faɗuwa. Ga wanda wasansa ke cin furosesa kuma, ba dole a kashe turbo gaba ɗaya ba. A ThrottleStop kana iya rage masa tsawo, ka tsayar da shi wajen 3.2 ko 3.4, ka samu tsakiya.

Jallo 227:
Wannan tsakiyar na fi yarda da ita. Rage bolt fa? Na ga ana ta yabonsa.

Ƴar Harobanda:
Shi ne mafi daɗi in ya samu, don gudu ba ya raguwa, zafi ne kawai ke sauka. Matsalar ita ce a Disamba 2019 masu bincike sun bayyana wata ɓaraka ta tsaro da aka kira Plundervolt, wadda ke bi ta hanyar rage bolt a furosesoshin Intel. Daga nan kamfanoni da yawa suka kulle ƙofar ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da inji kafin Windows. Injin Ɗan Bukoki na zamanin da abin ya faru ne, ya danganta da BIOS ɗin da ke kansa. Ya gwada a ThrottleStop, in lambar ta ƙi motsawa a HWMonitor to a kulle take. In a buɗe take, a bi a hankali, kaɗan-kaɗan, ana gwada wasa bayan kowane mataki. In an zarce inji zai daskare ko ya ba da shuɗin allo, sai a koma baya. Na katin NVIDIA kuwa har yanzu ana yi, a MSI Afterburner ka danna Ctrl da F jadawalin bolt ya fito.

Sarkin Fada:
Ni fa tun wajen "bolt sau bolt" aka sauke ni a mota.

Mai Turnabis:
To sauko wajen da kowa zai gane. Mai son share injinsa da kansa: ka kashe shi, ka cire sharjer, ka kwance murfin ƙasa, abu na farko ka zare wayar batir daga kat. Kada turnabis ya taɓa komai kafin wannan. Ka kwance fanka ka ɗaga ta, dunƙulen yana nan a bakin radiyeta, ka cire da hannu, ka bi da buroshin haƙori busasshe. In za ka hura iska ka danne fanka da yatsa kada ta juya, juyawar banza da ƙarfi tana kashe ta. Kuma don Allah a bar kai kwamfuta wajen masu facin taya a hura mata kwamfaresa. Iskar tana da ruwa da mai, ƙarfinta kuma yana karya fukafukan fanka.

Maganar man furosesa, ga mai buƙata. A goge tsohon da alkol mai ƙarfi, ba turare ba, ba fetur ba. Furosesan kwamfutar tafi-da-gidanka ba shi da murfin ƙarfe irin na tebur, tsirara yake, don haka a shafa man siriri ya rufe fuskar duka har kusurwa. A ɗaure sukurori bisa lambobin da aka rubuta a jikin ƙarfen, 1, 2, 3, 4, kaɗan-kaɗan. Ƴan sosunan da ke kan ƙwaƙwalwar katin hoto kada a yar da su a cika wurin da mai, kaurinsu a aune yake. Arctic MX-4 ko MX-6 ko Noctua NT-H1 sun isa, in an samu na gaske, don jabu ya cika gari. Farin man nan na cikin kwalba mai arha, wata biyu ya bushe. Man goge baki kuwa, wanda na sake gani a cikin inji sai na ninka wa mai shi kuɗin aiki.

Ba'adare:
Malam, wanga da aka kira PTM7950 hwa? Wani yaro ya zo da shi daga waje shina ta kuri.

Mai Turnabis:
Yana da dalilin kuri. Na Honeywell ne, falle ne ba mai ba, yana narkewa wajen digiri 45 ya bi fuskar furosesa, in ya huce ya sake kamewa. Amfaninsa shi ne ba ya tsiyayewa gefe. Man gama-gari, yawan zafi da hucewa yana tura shi waje a hankali har tsakiya ta bushe, shi wannan yana daɗewa. A garinmu sai ka sa shi a firiji kafin ka yanka, in ba haka ba a yatsa zai manne maka. Wanda nake hana mutane shi ne ruwan ƙarfe. Galiyom ne a ciki, wutar lantarki tana bi ta cikinsa, yana cin alminiyom. Ɗigo ɗaya ya zame kan kat, an gama. Wasu injinan ASUS ROG da shi suke fitowa daga masana'anta, amma su an yi musu shinge kewaye. Mai irin wannan inji ya gaya wa mai gyara tun kafin a buɗe.

Ɗan Bukoki:
Na dawo da rahoto. Wani yayana ya taya ni muka buɗe, abin da muka ciro a bakin radiyeta sai da na ɗauki hotonsa. Na koma tebur da marfin kwalba, na sa 99, na ɗaure a 60. Da la'asar furosesa yana tsayawa 80 zuwa 83, kati 76, GTA V bai cije ba. Da dare a tsakar gida ya ma fi haka sauka. Allah ya saka da alheri Malam, Yaya na gode. Baba Alhaji a yi haƙuri, sai wani jiƙon.

Alhaji Mai Shago:
Ba komai ɗana, ka zo ka sayi linzami.

Ƴar Harobanda:
Madalla. Dare dai shi ne lokacin, ko a Mayu gari yakan sauko wajen 28 kafin asuba. Sai dai mai wasa a tsakar gida ko a fada ya nisanta inji da ƙasa da kuma tiren shayi.

Saura batir da na ce zan dawo kansa. Batirin litiyom abu biyu ya fi tsana: zafi, da zama cike 100 kullum. Mai wasa a bazara da sharjer a jiki ya haɗa masa duka biyun. Furosesa zai fita lafiya daga wannan zafi, batir ne zai tsufa kafin lokacinsa. Yawancin kamfanoni sun sa hanyar tsayar da caji kafin ya cika: Lenovo Vantage yana da yanayin adana batir, MyASUS yana ba ka zaɓin 60 ko 80, Dell ma yana bari ka sa iyakarka. Wanda injinsa ke da wannan ya kunna.

Jallo 227:
Da wannan ɗauke wutar za ki ce in tsaya a 60? In an ɗauke da me zan yi aiki?

Ƴar Harobanda:
Ka sa 80. Kuma in an ɗauke, wasa mai nauyi a kan batir kada ka yi. Batir ba ya iya ba da wat ɗin da sharjer ke bayarwa, inji zai rage ƙarfin kati, NVIDIA ma yakan ɗaure wasa a 30, ga batir yana zubar da wuta da ƙarfi yana ƙara zafi daga ciki. Ka yi asarar daɗin wasan, ka yi asarar batir.

Mai Turnabis:
Sharjer ma a duba. Irin injin Ɗan Bukoki yawanci da na wat 135 ko 150 yake zuwa. Masu sayar da na hannu sukan haɗa ka da na 65 ko 90 don bakinsa ya shiga. Sai ka ga sharjer ya yi zafin da ba a taɓawa, batir yana sauka alhali yana jone. A karanta lambar da ke jikin sharjer a gwada da wadda ke ƙasan inji. Kuma a bar binne shi cikin bargo, a ajiye shi a siminti inda iska ke wucewa.

Ɗan Diffa:
Malam tunda an zo nan, tawa wajen da ake shafa yatsa ya ɗan taso sama, dannawa ma da kyar, murfin ƙasa kuma ya buɗe kaɗan ta gefe ɗaya. Zafin ne ya lanƙwasa robar?

Mai Turnabis:
Ba roba ba ce, batirinka ne ya kumbura yana turo su. Ka cire sharjer yanzu, ka kashe ta. Kada ka danna wurin don ya koma, kada ka huda, kada ka bar ta a ɗakin da ake kwana ko cikin mota. Batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta. A cire shi a sa wani.

Ɗan Diffa:
In an cire ba zan iya ci gaba da wasa da sharjer kawai ba kafin in samu kuɗin sabo?

Mai Turnabis:
Za ta tashi, amma wasu injinan in ba batir suna rage ƙarfin furosesa da kati, don a lokacin da wasa ya yi nauyi suna ɗan ciro wuta daga batir su ƙara a kan ta sharjer. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta za ta mutu nan take, abin da ba ka adana ba ya tafi, wani lokaci Windows ma ya rikice. Ka lallaɓa da aikin rubutu da kallo kafin nan. Ka turo mini lambar da ke jikin batirin ta akwatin sirri in duba ko akwai irinsa a gari, in babu sai an yi oda. Tsohon kuma ka kawo mini shi cikin kwano mai yashi, kada ka jefa a bola, yara suna tonawa.